Ga mai shirin kai iyali Malesiya a Disamba: cire tsibirin nan kafin ka biya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun kafin in kai ƙarshen tambayarka raina ya ɓaci, ba da kai ba, da wanda ya tsara maka tafiyar. Ka ce kana son kai maiɗakinka da yara uku da Hajiya mahaifiyarka Malesiya a hutun Disamba, ejan ya haɗa muku Kuala Lumpur da kwana huɗu a tsibirin Perhentian a farashi mai sauƙi, sai wani ya tsegunta maka cewa damina ce a can, yanzu ka rasa ko ka biya ko ka fasa. Na san wannan zullumin. Irin wannan cinikin ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa ba zan iya wucewa ban tanka ba. Tafiyar kada ka fasa ta. Tsibirin ne za ka cire, kuma yau ɗin nan, kafin ka tura ko sisi.

Malesiya ba damina ɗaya gare ta ba. Akwai jerin duwatsun Titiwangsa da suka raba ɓangaren ƙasar da Kuala Lumpur take gida biyu daga arewa zuwa kudu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta ɗebo ruwa a Tekun Kudancin Sin ta juye shi a gaɓar gabas, wato Kelantan, Terengganu, Pahang da gabashin Johor. Duwatsun sai su tare wa yamma mafi yawansa. Perhentian da Redang a Terengganu suke, Tioman a Pahang. Ka ga inda aka nufa da ku ke nan, tsakiyar bakin iskar, a watan da ta fi ƙarfi. Kuching ta jihar Sarawak, a ɗaya ɓangaren ƙasar da ke tsibirin Borneo, ita ma a wannan lokacin ne take shan ruwanta mafi yawa, don haka idan ya ce zai musanya maka da can, nan ma ka yi tunani.

Ruwan gabas ba irin wanda zai zuba awa ɗaya ya ɗauke ba ne. Marka ce sosai, ta kwana biyu, uku, wani lokaci fiye, ba ka ganin rana ko kaɗan. Teku ta yi fushi, ruwanta ya koma ruwan ƙasa, a kafa jajayen tutoci a bakin gaɓa alamar an hana shiga. Mafi yawan otal-otal na Perhentian da Redang rufewa suke yi gaba ɗaya daga wajen Nuwamba har Fabrairu, ma'aikata su koma garuruwansu. Ƙananan jiragen ruwa masu gudu da ke ɗaukar mutane daga tashar Kuala Besut, tafiyar minti talatin zuwa arba'in da biyar a lokacin rani, ko dai a dakatar da su ko su riƙa fita jefi-jefi idan igiyar ruwa ta lafa. A Disamban 2014 ambaliya ta raba fiye da mutum 200,000 da gidajensu, Kelantan ce ta fi shan wahala. A ƙarshen Nuwamban 2024 ma fiye da mutum 100,000 aka kwashe zuwa matsugunan wucin gadi, akasari a Kelantan da Terengganu. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, duk mai sana'ar sayar da tafiya zuwa Malesiya ya san shi.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ya sani. Wallahi ya sani. Hotunan da ya turo maka, farin yashi da ruwa garai-garai har kana hango kifi, a watan Yuni ko Yuli aka ɗauke su. Farashin ya faɗi ne don ba mai zuwa, araha kuwa ba ta ado. Ka duba takardar da kyau, can ƙasa da ƙananan haruffa za ka ga an rubuta ba a mayar da kuɗi. Yadda abin yake kasancewa kuwa, ku yi awa shida ko bakwai a mota daga Kuala Lumpur, Hajiya gwiwoyinta sun ƙage, yara sun gaji da tambayar an kusa, ku sauka a Kuala Besut ku tarar da tagogin sayar da tikiti a garƙame, jirage a ɗaure a bakin kogi suna karo da juna, iska na watso muku ruwa har ƙarƙashin rumfa, akwatuna sun jiƙe. Ƙaramin yaron ya ja maka riga ya ce Baba ina tekun da ka ce. Ka kira ejan, bai ɗauka ba. Ka sake kira, ya ɗauka ya ce maka ai ruwan sama na Allah ne, shi ba shi da iko a kai. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ciwo. Ruwa na Allah ne, gaskiya, amma amanar da aka ba ka taka ce, kuma ka san watan da ka sayar. Mutum ya yi shekara yana tara kuɗi don ya faranta wa mahaifiyarsa, ka karɓa kana murmushi, ka tura shi inda ka san ƙofa a rufe take. Sannan a daren ya shiga neman ɗaki a garin da bai sani ba, da kuɗin da bai yi kasafinsu ba, yana jin kunyar iyalinsa a kan laifin da ba nasa ba. Kuma ko da an yi sa'a jirgi ya fita, shiga tsibirin ba shi ne matsala ba, fitowar ce. Teku na iya rufewa kwana biyu kuna ciki, jirginku na komawa gida ya tashi ba ku. Allah ya isa kawai mutum zai ce.

To, kwanakin nan huɗu ka mayar da su Langkawi. Tana arewa maso yamma, kusa da iyakar Tailan, nata ruwan mai yawa a Satumba da Oktoba yake, daga Disamba zuwa Maris kuwa lokacinta ne mafi kyau. Jirgin sama daga Kuala Lumpur kusan awa ɗaya ne. Akwai jirgin fito daga Kuala Perlis da Kuala Kedah, amma da tsohuwa da yara jirgin sama ya fi sauƙi. Sai dai ka sani za ka biya fiye da abin da ejan ya yanka maka, don kowa can yake nufa, su ma makarantunsu suna hutun ƙarshen shekara, ga 'yan Singafo. Kama ɗaki da wuri, a kusa da bakin tekun Pantai Cenang idan kana son abinci da kantuna a tafiyar ƙafa. Motar igiya da ke hawa dutsen Mat Cincang ku je mata da sassafe a ranar farko da kuka ga sama ta washe, kada ku bar ta sai ranar ƙarshe, don ana tsayar da ita idan iska ta yi ƙarfi ko ana walƙiya. Yawon kwale-kwale a dajin ruwa na Kilim shi ma da safe. Ka tabbata an ba kowane yaro rigar kariya daidai jikinsa, ba ta manya ba. Langkawi a jihar Kedah take, hutun makonsu Juma'a da Asabar ne, ka sa wannan a lissafi idan kana da hulɗa da banki ko ofis. Idan Langkawi ta yi tsada, Penang ma a yamma take. Jirgin ƙasa mai lantarki na ETS daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, zuwa Butterworth awa huɗu da wani abu ne, sai ku tsallaka George Town, babban birnin Penang, a jirgin fito.

Kuala Lumpur kuma za a yi muku ruwa, kada wani ya ce maka ba za a yi ba. Garin yana samun fiye da ninki biyu na ruwan da Kano ke samu a shekara. Amma yawanci yana da tsari. Safiya rana, zafi da gumi. Bayan azahar hadari ya fara haɗuwa, wajen ƙarfe uku zuwa shida ya kece kamar da bakin ƙwarya, da tsawa mai girgiza gilashi, awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Don haka duk abin da yake a fili a yi shi kafin ƙarfe ɗaya. Kogon dutse na Batu Caves matakala 272 ne, idan sun jiƙe santsi gare su, ku isa ƙarfe takwas, Hajiya kuma ta zauna a ƙasa kada a matsa mata, a kuma riƙe jakunkuna da kyau saboda birai. Putrajaya da masallacinta, lambun tsuntsaye, wurin wasan ruwa na Sunway, duk na safe ne. Da rana ku shiga ƙarƙashin rufi. Gidan tarihin fasahar Musulunci yana dab da Masjid Negara, babban masallacin ƙasa, ku haɗa su rana ɗaya, Hajiya za ta ji daɗin sashen tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. Gidan kallon kifaye na Aquaria da cibiyar kimiyya ta Petrosains suna KLCC, wajen tagwayen benayen Petronas, kuma akwai gadar masu tafiya a ƙafa mai rufi da sanyi da ta haɗa wajen da unguwar kantuna ta Bukit Bintang, sai ku wuni ɗigo bai taɓa ku ba. Tikitin hawa tagwayen benayen Petronas na lokaci ne ƙayyadadde, zaɓi na safe, don da yamma kana iya hawa bene na 86 ka tarar da gajimare kaɗai.

Wurin kwana ya fi komai muhimmanci a nan. Nemi otal ko gidan haya da bai wuce tafiyar minti biyar daga tashar jirgin ƙasa na cikin gari, MRT ko LRT, ba, in da hali hanyar mai rufi ce. Da an fara ruwa kuɗin Grab, manhajar kiran mota ta can, yake tashi, motoci su yi wuya, titi ya cushe, tafiyar minti goma sha biyar ta koma awa. Ku shida ne, ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, sai babba, ita kuma ta fi wuyar samu. Sayi katin Touch 'n Go ga kowa ku riƙa bin jirgin ƙasa. Ka kuma tanadi harajin baƙi, ringgit 10 ne, kuɗin ƙasarsu, kowane ɗaki kowane dare, sau da yawa a teburin otal ake karɓa ko da ka riga ka biya kuɗin ɗaki ta intanet. Ɗakin da za a iya sokewa a mayar da kuɗi ya ɗan fi tsada, amma shi za ka kama, a damina wannan bambancin ba asara ba ne.

Kada in sa ka saki jiki da yamma gaba ɗaya. A tsakiyar Disamban 2021 ruwa ya yi kwanaki yana zuba a Selangor da Kuala Lumpur, unguwanni a Shah Alam da Klang suka nutse, babbar hanyar Karak ta toshe, mutum fiye da 50 suka rasu a faɗin ƙasar. Ran 16 ga Disamban 2022 ƙasa ta zaftare da dare a kan wani sansanin masu kwana a tanti a Batang Kali, kan hanyar Genting, mutum 31 suka rasu, da yara a ciki. Innalillahi. Shi ya sa nake roƙonka, maganar kwana a tanti ko a bukka a gindin dutse ko bakin rafi ka bar ta kwata-kwata. Wuraren shaƙatawa na saman dutse, Genting da Cameron Highlands, idan za ku je, ku tafi da hantsi ku sauko da rana, kada dare ya same ku a kan hanyar dutse ana ruwa, kuma idan an kwana biyu ana zubawa ku fasa. Can sama sanyi ne da hazo, a ɗaukar wa kowa rigar sanyi. Sauke manhajar myCuaca ta hukumar yanayinsu, gargaɗinsu hawa uku ne, rawaya, ruwan lemo, ja. Rawaya a yi hattara, ruwan lemo a soke tafiyar mota mai nisa, ja a zauna inda ake. Lambar gaggawa 999 ce. Tsawa kuma ba abin wasa ba ce a garin nan, da an ji ta a fitar da yara daga wurin ninkaya, kada su koma sai an yi minti talatin ba a sake ji ba.

Magangarar ruwa, irin Telaga Tujuh ta Langkawi, ku kalla daga gefe. Ana iya yin ruwa can saman dutse ku ba ku sani ba, sai ambaliya ta sauko lokaci ɗaya. Idan ruwan ya fara canza launi, ko ganyaye da itatuwa suka fara gangarowa, a fita nan take. Ban da haka akwai cutar fitsarin ɓera da ake ɗauka a irin wannan ruwan da ruwan ambaliya, ta shiga ta ciwo a ƙafa ko ta ido da baki. Duk wanda ya taka ruwan titi ya wanke ƙafa da sabulu da ya koma ɗaki, ya busar da tsakanin yatsu sosai saboda cin ruwa.

Kaya. Daga hunturu za ku fito, jiki ya saba da bushewa, ku faɗa inda danshi yake kai kashi 80 cikin ɗari. Shadda mai sitaci ɗaya ta isa don sallar Juma'a, sauran a bar su a gida, minti goma a waje ta manne a jiki. Yadi mara nauyi, jallabiya, ƙananan kaya masu saurin bushewa. Uwargida ta ɗauki abaya da hijabin da ba sa jan ƙasa, don bakin zani idan ya sha ruwan titi har dare bai bushe ba. Leshi mai nauyi ba wurinsa ba ne. Takalmin fata zai yi fumfuna cikin kwana uku, silifa mai sulɓin ƙasa kuma ita ce ke kayar da mutane a kan tayil. Sandal na roba mai maɗauri da ƙasa mai kaushi, musamman ga Hajiya, don karayar ƙugu a ƙasar waje ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A masallaci ku sa takalma a leda ku ɗora a kan kantar ajiye takalma, idan kun bar su a matakala kun fito kun tarar sun cika da ruwa. Lema kada ka ɗauko daga gida, kowane ƙaramin kanti yana sayarwa, amma yara rigar ruwa ta fi musu. Wanki kada a shanya a baranda, ba zai bushe ba, wari zai yi. Akwai shagunan wanki na sa-kuɗi-ka-wanke a kusan kowace unguwa, da injin busarwa, awa ɗaya da rabi kun gama. Fasfo da katin rigakafi da waya a leda mai zif. Sannan sanyin na'ura a manyan kantuna da jiragen ƙasa yana da ƙarfi, yaro ya shiga da jiƙaƙƙiyar riga sai mura, a riƙa yawo da riga ɗaya ta canji ga kowane yaro. Soket ɗinsu irin namu ne na Najeriya mai ƙafa uku, 'yan'uwa na Nijar ne za su nemi mahaɗi.

Sauro shi ne abin da nake so ka fi ba muhimmanci. Ba na maleriya ba, na zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da gab da magariba, don haka gidan sauro ba ya wadatarwa. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, a shafa a ƙafa da hannu da wuya, a sake bayan an yi gumi ko alwala, ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, kuma kada a sa wa yaro a tafin hannu. Mu da an ji zazzaɓi sai a haɗiye maganin maleriya da ibuprofen ko diclofenac. A can kada a yi haka. Dengi yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, waɗannan magungunan da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol kawai, ruwa da yawa, sai asibiti a yi gwaji. Ka gaya wa likita daga Najeriya kuke don ya haɗa da gwajin maleriya, tana iya biyo mutum daga gida. Cutar tana ɗaukar kwana huɗu zuwa goma kafin ta bayyana, ke nan tana iya tashi bayan kun dawo, a gaya wa likitan gida inda aka je. Lokacin da zazzaɓin ya sauka shi ne mai haɗari, idan aka ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, a koma asibiti da gudu. Inshorar tafiya ka yi wa kowa, ka karanta ko ta ɗauki shekarun Hajiya da ciwon da take da shi tun a gida.

Wahalar biza duk mun san ta a nan, ba sai na maimaita ba. Katin rigakafin cutar shawara ne mutane ke mantawa. Dole ne ga masu zuwa daga ƙasashenmu, kuma ga wanda aka yi wa allurar karon farko sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, har yara. Akwai kuma takardar shiga ta intanet, MDAC, ana cikewa cikin kwana uku kafin isa, kyauta ce a shafin hukumar shige da ficensu, kada ka biya kowa. Magungunan Hajiya su zo a kwalinsu da takardar likita. Kuma don Allah, don Annabi, kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne, ko ya ce yaji ne zai kai wa ɗansa ɗalibi. Dokarsu a kan ƙwaya tana kaiwa ga kisa. Kilishi da dambun nama ma a bar su. Abinci ba zai ba ku wahala ba, alamar halal ta JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, tana ko'ina, yara za su rayu a kan gurasarsu ta roti canai da shinkafa da kaza, wurin salla kuwa kowane babban kanti yana da shi har da kayan salla na mata.

Ranar dawowa daga Langkawi kada ta zama ranar tashinku zuwa Doha ko Addis Ababa. Tikiti biyu ne daban, idan hadari ya jinkirta na farko, na biyu ba ruwansa. Ku kwana biyu na ƙarshe a Kuala Lumpur, nan ne ma za a yi tsaraba. Duba tikitin cikin gida da kyau, ko daga tasha ta ɗaya ta KLIA, babban filin jirgin Kuala Lumpur, ne, ko ta biyu, ko filin Subang, don ba wuri ɗaya ba ne, kuma jirage masu araha kilo 7 kawai suke bari a hannu, kuɗin akwati a saya tun a intanet. Filin jirgin KLIA yana da nisan fiye da kilomita 50 daga gari, idan tashinku da dare ne ku bi jirgin ƙasa na KLIA Ekspres daga KL Sentral, kusan rabin awa, ruwan yamma ba ya tare shi.

Shi kuma ejan, rubuta masa, kada ka kira. Ce ya ba ka sunan otal ɗin Langkawi da lambar rajistar ɗakunan, kai da kanka ka aika wa otal ɗin saƙo su tabbatar da sunanka da ranakun, sannan ka biya rabi. Idan ya dage sai Perhentian, ko ya fara cewa ai bana ba a ruwa sosai, karɓi fasfunanku ka nemi wani.